Awa 26 a makaranta, sauran koyon a kan titunan Jos

Ƙa'idar Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ita ce, duk mai neman sabon lasisin tuƙi sai ya cika shekara 18, ya bi ta makarantar koyon mota da hukumar ta amince da ita, ya yi aƙalla awa 26 yana koyo, sannan a ba shi takardar shaidar da zai nemi lasisi da ita. Na cika waɗannan awannin. Amma ranar da aka miƙo mini takardar, da an ce in ɗauki yarana daga Rikkos in kai su Farin Gada da yamma, da ban yarda ba. Takarda ta samu, hannu bai faɗa ba. Watannin da suka biyo baya, kafin in tsaya a gaban jami'in gwaji, su ne suka mayar da ni direba, kuma su nake so in ba da labari, musamman saboda 'yan'uwana mata da ke tambayata yadda na yi.

Aiki ne ya mayar da maigidana Bauchi, sai ƙarshen mako yake zuwa, kuma a motar haya yake tafiya saboda tsadar mai. Motarsa, tsohuwar Peugeot 406 mai giyar hannu, tana tsakar gida a lulluɓe, ni kuwa kullum da safe ina bakin titi da yara cikin sanyin nan na Jos muna jiran keke Napep. Shi ya fara kawo maganar. Ya ce ajiyar ma lalata motar take yi, batir na mutuwa, tayoyi na tsagewa, gara in koya.

Da labari ya bazu a unguwa, wani ya aiko mini da saƙo ta hannun maƙwabciyata: wai in ba da hoto da kuɗi kawai, ba sai na wahalar da kaina ba, lasisi zai iso ni har gida. Na yi godiya, na ce a'a. Lasisin gaskiya ba ya fitowa sai mutum ya je da ƙafarsa an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, don haka duk katin da ya zo ba ta wannan hanya ba abin tuhuma ne, ranar da jami'i ya duba lambarsa a na'ura asiri zai tonu. Wannan ma ƙaramin dalili ne. Babban shi ne ni zan zauna a bayan sitiyari da 'ya'yana a baya, ga 'ya'yan mutane a kan titi. Kati ba zai taka mini birki ba.

Sunayen makarantun da aka amince da su suna shafin hukumar na intanet, jiha-jiha. Ƙanena ya duba mini na Filato a wayarsa, muka zaɓi wadda ba ta da nisa da gida. Wannan dubawar tana da muhimmanci, domin ba duk motar da aka liƙa wa allo a ka ba ce ke iya fitar da takardar shaida mai lamba, kuma da wannan lambar ake buɗe neman lasisi. Na kai lambar NIN da hotuna, aka yi mini rajista, aka yanko mini takardar izinin koyo. Mai wannan takarda ba ya tuƙi shi kaɗai, dole mai lasisi ya zauna a gefensa, kuma a liƙa jan harafin L a gaban mota da bayanta.

Kwanakin farko a wani fili muka yi su, inda yara ke buga ƙwallo da yamma. Malamin namu mutum ne mai haƙuri, Hausarsa irin ta Jos, kuma motar tana da birki na biyu a gefensa, abin da ya kwantar mini da hankali ƙwarai. Ya fara da zama: a gyara kujera yadda ƙafar hagu za ta danne kulochi har ƙasa gwiwa ba ta miƙe gaba ɗaya ba, a daidaita madubai uku, a ɗaura bel. Ya ce in nemi takalmi mara tsini mai kama ƙafa, in kuma riƙa tattare hijabi kada ya sauka wajen feda ko ya rufe mini gefen ido. Ban taɓa tunanin wannan ba, amma duk macen da za ta koyi mota ta riƙe shi. Daga nan sai tashi da tsayawa, tashi da tsayawa, giya ɗaya zuwa biyu, kwana hagu, kwana dama. Wasu ƙawayena sun ce me ya kai ni ga mai giyar hannu alhali otomatik ta cika gari. Ita ce motar da ke gidanmu, kuma wanda ya iya ta ba ya shan wahalar ɗayar.

A mako na biyu na fara gane inda gizo ke saƙar. Awa ɗaya ake ba mutum a rana, kuma ba ni kaɗai ba ce a motar, akwai masu jiran layi a kujerar baya. Hanyar da muke bi kusan kullum guda ce, shimfiɗaɗɗiya, a lokacin da titi ya yi sauƙi. Ban ga laifin malamin ba. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, daga baya a 2024 ta wuce 1,000, kowace makaranta lissafin kowane zagaye take yi. Sai dai sakamakon shi ne mutum zai iya gama awanninsa bai taɓa tuƙi cikin ruwan sama ba, bai taɓa tuƙin dare ba, bai taɓa tsayawa a tsakiyar hawa da tifa a bayansa ba. A Jos kuwa waɗannan su ne tuƙin. Abin kamar karatun allo ne: malam zai biya maka, amma idan ba ka zauna ka yi ta tilawa ba, gobe ba abin da za ka kawo.

Sai na je wurin Kawu, yayan mahaifiyata. Ya yi shekaru yana jan babbar mota, yana ɗaukar tumatir da kabeji da dankali daga Filato zuwa kudu, har ciwon baya ya zaunar da shi. Yana yaron mota aka yi canjin hannu a 1972, lokacin da Najeriya ta bar tuƙi ta hagu ta koma dama, kuma har yau yana ba da labarin ruɗanin makonnin farko. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi abin da ya kawo ni.

Ya ce, "'Yar nan, zan zauna miki, amma da sharaɗi. Idan na ce tsaya, ki tsaya, tambaya sai daga baya. Kuma ba ke za ki ce kin shirya zuwa gwaji ba, ni zan faɗa."

Na ce, "Na yarda, Kawu. Allah ya ƙara girma."

Kuɗin mai na ware daga albashina, kaɗan-kaɗan duk mako, kuma muka tsara fita gajeru amma a kai a kai. Kawu ya ce rabin awa kullum ta fi awa huɗu a rana guda, domin ƙafa mantuwa gare ta. Bayan sallar asuba muke fita, gari bai tashi ba, mu bi hanyar Lamingo ko mu miƙa ta Rayfield inda titi ke da faɗi. Kafin a tayar da mota sai na buɗe bonet na duba baƙin mai da ruwan lagireto da man birki, na zagaya na kalli tayoyi. Shi ya nuna mini lambobi huɗun da ke jikin taya, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara, ya ce 'yan Rod Sefti shekara huɗu suke ba taya daga ranar. Biyu daga cikin namu sun wuce, maigidana ya canza su. Ya sa na kwance taya na ɗaura safaya da hannuna a tsakar gida, yana zaune a kan kujera yana kallo, bai taɓa jak ɗin ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne hawa. Jos tana kan tsauni, tsayinta ya kai wajen mita 1,200 daga teku, kuma da wuya ka yi tafiyar minti biyar a cikinta ba ka hau ko ka gangara ba. Akwai wani hawa a bayan unguwarmu da motoci ba su cika bi ba. Kawu zai sa in tsaya a tsakiyarsa, in ja birkin hannu, ya fita ya ajiye gwangwanin madara a bayan tayar baya, tazarar taki ɗaya, ya dawo ya zauna. Aikina shi ne in tashi ban taɓa gwangwanin ba. A sa giya ɗaya, a ɗan ba ta wuta, a riƙa ɗago kulochi sannu a hankali har a kai inda yake fara kamawa. A nan ƙarar inji ke sauka, gaban motar ya ɗan ɗaga kamar tana son tafiya an riƙe ta. Sai a tsayar da ƙafar hagu cak a wurin, a sauke birkin hannu, a ƙara totur. Idan aka yi gaggawar sakin kulochi mota ta mutu, idan aka sauke birki kafin ya kama ta koma baya. Faɗinsa ba wuya. Amma sai da kunnena ya koyi ƙarar, ƙafata ta koyi wurin, har ya zama ba na tunani a kai. Kawu bai taɓa ɗaga mini murya ba. Idan ta mutu sai ya ce, "Tayar, a sake." Ranar da na yi ta tashi a jere gwangwani na nan lafiya, ya fita ya matso da shi kusa da tayar.

Ya kuma hana ni riƙe mota a hawa da rabin kulochi in ana jira, ya ce haka ake ƙona faranti, bakanike ya ci kuɗi. A gangara kuma dokarsa ɗaya ce: giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauka. Wasu direbobi kan sa mota a firi a gangara wai don su rage shan mai, su dogara da birki kaɗai. Birki kuwa idan aka daɗe ana danne shi zafi yake ɗauka, idan ya yi zafi ya daina kamawa. Kawu ya ga abin da hakan ke haifarwa a Hawan Kibo, kan hanyar Akwanga, ba sau ɗaya ba, kuma akwai abokan aikinsa da ba su dawo daga can ba. Idan yana wannan magana ba ya kallona, titi yake kallo.

Bayan hawa sai mutane. Muka fara shiga gari a hankali: Bauchi Road da hantsi, sannan shataletalen Farin Gada, sannan Ahmadu Bello Way zuwa Terminus. Tun 2012 aka hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, keke ya cika gurbin, kuma duk mai tuƙi a garin nan dole ya iya zama da masu keke. Neman abinci suke yi, idonsu na kan fasinja, inda aka ɗaga musu hannu nan za su tsaya. Kawu ya koya mini in daina kallon keken kaɗai, in riƙa kallon bakin titin da ke gabansa. Idan na hango mace da kaya tana ɗaga hannu, to na san keken da ke gabana zai yanke ya tsaya, sai in sassauta tun kafin fitilar birkinsa ta kama, in ma tana aiki. Haka motar da ke ajiye: a duba tayarta ta gaba, a duba ko akwai mutum a ciki. Haka yaro mai tallan da ke kallon wancan tsallaken. Wannan karatun ba ya cikin awa 26, kuma a ganina shi ne rabin tuƙi.

A shataletale ƙa'ida ita ce a ba wanda ke ciki hanya, wato mai zuwa daga hagunka. Ba kowa ke bin ta ba, amma Kawu ya ce ni in bi, in kuma shirya wa wanda ba zai bi ba. Jan harafin nan na L yana jawo abu biyu. Wasu suna gani su ja baya su ba ka fili, Allah ya saka musu. Wasu kuwa suna gani su ɗora hannu a kan oda, musamman idan suka leƙa suka ga mace. Da farko oda na sa gabana faɗuwa. Kawu ya ce, "Odarsa tasa ce, birkinki naki ne. In ya matsu ya wuce." Ina roƙon masu mota a garin nan su riƙa tunawa da cewa kowa da ranar da ya fara, kuma firgita ɗan koyo a tsakiyar titi haɗari ne ga kowa, har da mai odar.

Damina ta same mu muna cikin wannan hali, kuma Kawu bai yarda mu fasa fita don hadari ba. Ruwan Yuli da Agusta a Jos ba wasa ba ne, wani lokaci har da ƙanƙara, ga hazon da ke sauka da sassafe. Na koyi kunna fitila da rana, da buɗe iska a kan gilashi idan ya yi raɓa daga ciki, da rage gudu kafin in shiga ruwan da ke kwance, domin ba a san ramin da ke ƙarƙashinsa ba. Tazarar daƙiƙa biyu da ake bari tsakaninka da motar gaba, a jiƙaƙƙen titi ninka ta ake yi. Tuƙin dare muka bari a ƙarshe. Abin da ya fi damuna a ciki shi ne masu zuwa da babbar fitila a fuska. Maganinsa shi ne a kawar da ido zuwa gefen dama na titi, a sassauta, kada a rama.

Ribas a lungunmu na koye shi, tsakanin kwata da katangar maƙwabta, inda shiga gida ma sai da baya.

Da daddare, bayan ƙananan yara sun kwanta, littafin ƙa'idojin hanya nake karantawa. Alamomin suna da tsari, wanda ya gane tsarin ba sai ya yi hadda ba. Mai da'ira da jan baki hani ce, mai da'ira shuɗiya umarni ce, mai kusurwa uku gargaɗi ce, mai kusurwa huɗu bayani take bayarwa. Iyakar gudun ƙaramar mota kilomita 50 ne a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi na gudu. Yaron da bai kai shekara 12 ba a baya yake zama. A but ɗin mota a samu safaya, da jak, da tukunyar kashe gobara, da alamar nan mai kusurwa uku da ake ajiyewa idan mota ta lalace. Lambar kiran gaggawa ta hukumar 122 ce. 'Yata babba ce ke riƙe littafin tana yi mini tambayoyi, har ita ma ta iya, yanzu a hanya ita ke karanta wa ƙannenta alamomi.

Wata safiya muka tashi daga Rikkos, muka bi ta British-America, muka haye gadar sama ta Secretariat Junction, muka ratsa Bukuru har Mararrabar Jama'a, muka juyo. A duk tafiyar Kawu bai ce komai ba sai carbinsa da yake ja. Da muka iso gida na kashe mota, ya ce, "Sai ki je ki nemi ranar gwajinki."

Hukumomi uku ne ke da hannu a lasisi: jami'an duba ababen hawa da ake kira VIO su ke gwaji, hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ke karɓar kuɗi, Hukumar Kiyaye Haɗurra kuma ke ɗaukar bayanai ta buga kati. An cike mini fom a intanet da lambar takardar makaranta, na zaɓi rukunin B, wato na ƙananan motoci. Lasisin iri biyu ne, na shekara 3 da na shekara 5, kuma daga watan Yunin 2025 kuɗinsu ya koma naira 15,000 da naira 21,000, ban da kuɗin makaranta da na gwaji. Na biya ta banki na riƙe rasit. Shawarata ita ce duk abin da mutum zai biya ya karɓi shaidarsa a rubuce.

Ranar gwaji an fara da duba idanu, sannan tambayoyi a kan alamomi da ƙa'idoji. Daga nan jami'in ya shigo ya zauna inda Kawu ke zama. Na yi bismilla, na gyara madubi, na ɗaura bel, na jira shi ma ya ɗaura. Ya sa na fita titi, na yi kwana, na juya motar a ƙaramar hanya, na yi ribas na ajiye ta a tsakanin alamomi. A wani ɗan hawa ya ce in tsaya, sannan ya ce mu je. Ƙafata ta sami wurin da kanta. Gabana ya faɗi kamar na kowa, amma babu abin da aka tambaye ni wanda ban riga na yi shi a wuri mafi wuya ba. Ya sa hannu a takardata ya ce, "Hajiya, wa ya koya miki tashi a hawa?" Na ce kawuna ne, tsohon direba. Ya ce in gaishe shi.

Bayan nan aka ɗauki hotona da zanen yatsu da sa hannu, aka tambayi rukunin jinina domin ana rubuta shi a jikin katin. Aka ba ni na wucin gadi mai aiki na kwana 60, daga baya na koma na karɓi na dindindin.

Yanzu ni ke kai yara makaranta, ni ke kai Inna asibiti ranar ganin likita, cefanen kayan miya a Farin Gada ma da kaina nake zuwa. Babbar hanya ce har yanzu ban fita ni kaɗai ba, domin wuce tirela a hanya mai layi ɗaya wani karatu ne daban, kuma ba a gwada ni a kansa ba. Mun yi magana da Kawu, idan ruwa ya ɗauke za mu fara da hanyar Bauchi, mu bi ta Babale mu tsaya a Tilden Fulani mu juyo, daga baya mu ƙara zuwa Toro. Hawan Kibo kuwa ya ce sai ya ga yadda na yi da wannan tukuna.